Cinikin dare yana tsallakawa gobe, laifin rumbun bayanai ne ko na agogo?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida, ya zafi. Ina da matsala wadda ta hana ni barci kwana uku. Wani famasi ne nan Garwa da na haɗa musu manhajar kes, wato ta wurin karɓar kuɗi, shekara biyu da suka wuce, rumbun bayanai na MySQL ne a bayanta, komai lafiya lau ba mai kirana sai in takardar firinta ta ƙare. To yanzu patron ya kira ni ransa a ɓace, wai duk satin da suke gadin dare lissafi ba ya haɗuwa, yau kuɗin aljihun tebur ya fi abin da manhaja ta nuna, gobe kuma manhaja ta fi kuɗin, har ya fara yi wa yarinyar da ke riƙe kes da dare wani irin kallo. Na zauna na bi faktir, wato rasit, ɗaya bayan ɗaya, na ga wani maganin tari da aka sayar 11:20 na dare ranar Talata, ita yarinyar ta rubuta a littafinta da biro, amma a rumbun bayanai 00:20 na Laraba ne. Awa ɗaya cur. Ni kuma ban taɓa kod ɗin ba tun Nuwamba. Don Allah wa ya san abin da ke faruwa

Ƴar Marwa:
Wa alaikumus salam. Me ka yi a Nuwamban?

Ɗan Garwa:
Ba wani abu ba Adda, tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur ce ta gaji da ɗauke wuta, sai na kwashe rumbun na kai sabar haya, wato kwamfutar wani kamfani da ake haya ta intanet

Ƴar Marwa:
Sabar tana ina?

Ɗan Garwa:
Faransa

Ƴar Marwa:
Hhhh to ai ka ba kanka amsa. Je ka ce wa patron ya nemi gafarar yarinyar nan tun kafin ta kai ƙararsa wurin Allah. Faransa da sanyi agogonsu ɗaya ne da namu, UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da ƙarin awa 1, shi ya sa daga Nuwamba har Maris ba ka ga komai ba. Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura agogo gaba da awa guda, su koma UTC da ƙarin 2 har Lahadin ƙarshe ta Oktoba, mu kuwa Kamaru ba ma motsi. Buɗe teburin cinikin ka duba daren wannan Lahadin, in akwai ciniki a lokacin za ka ga daga 01:59 ya yi tsalle zuwa 03:00, babu ko layi ɗaya mai ƙarfe 2 da wani abu.

Ɗan Garwa:
Innalillahi. Sun yi gadi a daren, na duba, 01:47 sai 03:06. Wallahi haka ne

Kawu Injiniya:
Kada ka yi saurin murna ƙanena, sanin cutar daban maganinta daban. Tambayar da za ta nuna ko gyaran na minti biyu ne ko na kwana biyu ita ce, gurbin da kake ajiye lokacin nan wane iri ne, DATETIME ko TIMESTAMP? Mutane suna ɗauka sunaye biyu ne na abu ɗaya, alhali can ƙasa inda ake rubutawa a faifai ko kama ba su yi ba.

TIMESTAMP a MySQL lamba ce kawai a cikin bait 4 (bait ma'aunin wurin ajiya ne, kowane ɗaya bit 8), ƙidayar daƙiƙoƙin da suka wuce tun tsakar daren 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC. Babu shekara a ciki, babu wata, babu Garwa babu Faris. In ka ba shi 23:20 sai ya duba yankin lokacin da aka saita wa haɗin naka, ya mayar da shi UTC, ya ƙirga, ya ajiye lambar. In ka zo karɓa ya sake juya maka. Kenan in TIMESTAMP ne, abin da ke kwance a faifai daidai yake, gilashin da kake kallo da shi ne ya karkace, ka rubuta SET time_zone = '+01:00' a farkon haɗin shi kenan duk tsofaffin faktir su dawo hayyacinsu.

DATETIME kuwa kamar hoton fuskar agogon bango ne. Tun daga siga ta 5.6.4 bait 5 yake ci, wato bit 40, an cusa shekara da wata a bit 17, rana 5, awa 5, minti 6, daƙiƙa 6, ɗayan da ya rage na alamar ƙari ko ragi ne. Abin da ka ba shi shi zai riƙe, bai san agogon wane gari ka ɗauka hoto ba kuma ba zai tambaya ba. In NOW(), umarnin da ke ba da lokacin yanzu, na sabar Faransa ce ta cika shi, to ƙarfen Faris aka binne a ciki.

Ɗan Garwa:
Kawu teburin ciniki DATETIME ne. Na shigowar kaya ne kawai TIMESTAMP, shi ma ba da sani na yi ba, kwafowa na yi daga wani tsohon aiki

Kawu Injiniya:
To Allah ya ba ka haƙuri, na kwana biyun ne.

Ɗalibi:
Gafara dai manya, ni ina shekarar farko ne a Ngaundere, akwai abin da ban gane ba. In lamba ce kawai a bait 4 ai wata rana za ta cika ko? kuma me yasa 1970, me ya faru a shekarar

Kawu Injiniya:
Ba abin da ya faru, masu gina Unix, wani tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta, ne a cibiyar bincike ta Bell Labs suka zaɓi farkon shekarar da ke kusa da su don ta yi daɗin lissafi, kowa ya bi. Cika kuwa za ta cika. Babbar lambar da bit 32 mai alama ke iya ɗauka ita ce 2,147,483,647, rana guda kuma daƙiƙa 86,400 ce, in ka raba za ka samu shekara 68 da ƴan kwanaki. Yana faɗawa 19 ga Janairu 2038, ƙarfe 03:14:07 UTC, mu nan 4 da kwata saura kaɗan na asuba. Daga nan TIMESTAMP na MySQL ba shi da wurin sa daƙiƙa ta gaba. Kuma kada ka ce da nisa, gwada yau ka sa ranar ƙarewar hayar fili na shekara 20 a gurbin TIMESTAMP ka ga abin da zai ce maka. Haka ranar haihuwar wanda aka haifa 1965 ba ta shiga, don shi daga 1970 duniyarsa ta fara.

Modibbo Lamba:
To kun gani? Ni shi yasa nake cewa duk wannan UTC UTC din da kuke yi wahalar da kai ne kawai. Shekara goma sha ina hada wa yan kasuwa manhaja daga Garwa har Gidar, DATETIME nake sawa da lokacin gida, ba 2038 ba komai, yana kaiwa har shekara ta 9999 wanda ko jikan jikana bazai gani ba. Kamaru bata canza agogo, Najeriya bata canzawa, Chadi da Nijar haka, duk awa daya muke. Laifin yaron nan daya ne ya kai kayansa Faransa bai saita agogon sabar ba. Ya saita ta Africa/Douala a wuce wurin. Bature ne ke da matsalar rani da sanyi, mu me ya hada mu

Na Kuseri:
Modibbo a gafarce ni amma Chadi ta taɓa canzawa fa. Buɗe kundin yankunan lokaci da ke cikin kowace Linux ka duba, Africa/Douala ba shi da nasa bayanin, an jingina shi ne da Africa/Lagos, amma Africa/Ndjamena zaman kansa yake. Dalili, daga 14 ga Oktoba 1979 zuwa 8 ga Maris 1980 Chadi ta tura agogonta gaba da awa guda. Wato akwai wata biyar da in ka haye kogi daga nan Kuseri zuwa Njamena sai ka gyara agogon hannunka. Yankin lokaci ba rana ce ke yanke shi ba, gwamnati ce, sa hannu ɗaya ya isa.

Modibbo Lamba:
1979 kuma! lokacin ko kai ba a haife ka ba

Ƴar Marwa:
Modibbo maganarka tana da gaskiya rabi. In shago ɗaya ne, kwamfuta ɗaya ƙarƙashin tebur ɗaya, lokacin gida zai kai ka. Kuma akwai abubuwan da ni ma ba na mayarwa UTC ko an biya ni, ranar haihuwa DATE ce kawai, ranar lalacewar magani DATE ce, in ka sa musu awa ka juya sai ka wayi gari wanda aka haifa 1 ga wata ya koma 31 ga watan baya. Amma abin da ya riga ya faru a wani takamaiman lokaci, an biya kuɗi, an fitar da kaya, wannan ƙidaya ɗaya yake so wadda ba ruwanta da gari. Shi ma Ɗan Garwa ai shekara biyu tsarinka yake bi, rana ɗaya wuta ta kore shi zuwa Faransa. Gobe kamfanin hayar ya ɗauke sabar ya kai wata ƙasa, ko wani yaro ya sake girka ta ya manta saitin, ka koma gidan jiya, kuma ba za ka sani ba sai an zargi wata baiwar Allah da sata. Bari in ƙara maka, da ya kai Oktoba bai gano ba abin ya fi muni, don ranar da Faransa ke dawo da agogo ƙarfe 2 zuwa 3 sau biyu take zuwa, cinikin 1:30 na Garwa da na 2:30 duk 02:30 za a rubuta musu a DATETIME, kuma daga gurbin kaɗai babu malamin da zai raba maka su.

Modibbo Lamba:
Sai ya duba lambar layi, ai a jere take

Kawu Injiniya:
Yauwa Modibbo, da bakinka ka faɗi abin da nake son zuwa gare shi. Ka ga da rikici ya zo ba agogo ka nema ba, lambar jeri ka nema. To shi kansa rumbun haka yake yi. Mutane suna zaton in mutum biyu suka taɓa layi ɗaya rumbu yana duba agogo ne ya ga wa ya riga, a'a. InnoDB, injin da ke ƙarƙashin MySQL, kowane layi yana ɗauke da ɓoyayyen gurbi na bait 6 da ke riƙe lambar aikin da ya taɓa shi na ƙarshe, da wani na bait 7 da ke nuna inda tsohon kwafin layin yake. PostgreSQL kuma, wani rumbun ne daban, yana da xmin da xmax a kan kowane kwafin layi, lambar aikin da ya haife shi da ta wanda ya kashe shi. Duk ƙidaya ce mai hawa ɗaya bayan ɗaya kamar tikitin layin banki. Da ita yake sanin wane kwafi zai nuna maka, wanne zai ɓoye. Ko ka mayar da agogon sabar 1999 wannan lissafin ba ya girgiza.

Har abin dariya, a rumbun SQL Server akwai nau'in da aka sa wa suna timestamp wanda babu lokaci a cikinsa ko na daƙiƙa ɗaya, ƙidaya ce ta bait 8 da ke ƙaruwa duk sanda aka taɓa layi, daga baya ma rowversion suke so a riƙa ce masa. Na taɓa ganin wani ya kwana yana ƙoƙarin juya shi zuwa kwanan wata.

Ɗalibi:
Kawu to PostgreSQL fa, na ga akwai timestamptz, shi yana ajiye garin kenan?

Kawu Injiniya:
Sunan ne ke yaudara. Ba ya ajiye gari. Bait 8 ne, ƙidayar maikirosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, kuma shi daga 1 ga Janairu 2000 yake ƙirgawa, gaba da baya, shi ya sa 2038 ba ta dame shi ba. Yana mayar da abin da ka ba shi UTC ya jefar da sunan yankin. In kana son sanin a Marwa aka yi abu ko a Njamena sai ka buɗe masa gurbi daban. Wani tarkon kuma, now() a PostgreSQL lokacin da aka fara aikin yake ba ka, ko aikin ya yi minti biyar duk layukan lokaci ɗaya za su ɗauka, kuma aikin da ya fara da wuri yana iya gamawa a makare. Duk mai cewa "ba ni layukan da suka fi lokaci kaza" don ya kwafe sababbi, wata rana zai tsallake wasu bai sani ba.

Na Kuseri:
Wannan na ƙarshen ya tuna min abin da ya ci ni bara, bari in ba ku don ya fi na Ɗan Garwa ciwo. Wani ɗan kasuwa ne mai sito biyu, ɗaya nan Kuseri ɗaya a ƙetare Njamena, shinkafa da sukari da mai. Rezo, wato netwok, ba tabbas, sai na sa wa kowane sito ɗan ƙaramin rumbun SQLite a kwamfutarsa, in intanet ta samu su tura wa juna canje-canje. SQLite ba shi da nau'in kwanan wata ko kaɗan, ko ka ajiye rubutu, ko lambar daƙiƙoƙi, ko lambar ranakun Juliyan, ruwanka. Ni na zaɓi daƙiƙoƙi, na kafa doka mai sauƙi, in an gyara abu ɗaya a wuri biyu wanda lokacinsa ya fi sabo shi ya ci. Wata biyu lafiya. Ashe kwamfutar Njamena ƴar pil ɗin nan, wato batir, mai kamar kwabo da ke riƙe agogo, CR2032, ta mutu, duk sanda aka ɗauke wuta agogo ya koma shekarun baya. Magatakardan sai ya riƙa gyarawa da hannu, rannan garin sauri ya zarce da shekara ɗaya gaba, a wannan zaman kuma ya gyara farashin buhun sukari. Shi kenan. Alhaji ya ƙara farashi daga Kuseri, da an haɗa sai tsohon ya dawo, ya sake ƙarawa ya sake dawowa, don a idon manhajar gyaran magatakarda daga baɗi ya zo, duk abin da Alhaji zai rubuta bana tsoho ne. Kwana tara ana sayar da sukari a farashin da ya wuce. Da na je na tarar da Alhaji zaune kan buhu da kalkuleta, bai ce min komai ba, ya miƙo min ita kawai na ga lambar.

Ƴar Marwa:
Subhanallah. Nawa?

Na Kuseri:
Adda bar shi kawai, har yau in na ga sukari a shayi sai gabana ya faɗi. Pil ɗin da ba ta kai jaka ɗaya ba.

Kawu Injiniya:
Kada ka ji kunya, dokar da ka kafa ita ce ta Cassandra, rumbun da manyan kamfanoni ke amfani da shi. Kowane rubutu yana tafe da hatimin lokaci na maikirosakan, mafi girma ya ci, har gogewa ma rubutu ne mai hatimi, don haka in agogon wata na'ura ya yi gaba kana iya goge abu ya ƙi goguwa. Shi ya sa masu riƙe da shi ba sa wasa da NTP, tsarin da ke daidaita agogon kwamfuta ta intanet. Matsalar tsohuwa ce, tun 1978 Leslie Lamport ya nuna cewa tsakanin na'urori da yawa abin da ake bukata shi ne sanin me ya riga me, kuma ana iya samun wannan da ƙidaya, kowane saƙo ya tafi da lambarsa, mai karɓa ya ɗauki wadda ta fi girma tsakanin tasa da ta saƙon ya ƙara ɗaya. Google kuma da suka gina nasu rumbun Spanner kuɗi suka zuba, suka sa na'urorin GPS da agogon atom a cibiyoyinsu, duk da haka agogon nasu ba ya cewa ƙarfe kaza ne, cewa yake tsakanin kaza da kaza ne, rumbun ya ɗan dakata har tazarar shakkar ta wuce kafin ya ce an rubuta. Masu agogon atom kenan fa. Kai kuma ka ba kwamfutar sito mai mataccen pil alƙalanci.

Na Kuseri:
Hhhh Kawu ka gama da ni. Yanzu dai farashi wuri ɗaya ke da ikon gyara shi, kowane gyara da lambar siga, kuma duk ciniki lokaci biyu nake ajiye masa, wanda kwamfutar sito ta faɗa da wanda ya iso wurina. In tazarar ta yi yawa ko na sito ya wuce nawa, manhaja ta yi ja ta ƙi karɓa sai an duba.

Modibbo Lamba:
Wannan na lokaci biyun kam zan dauka, useko. Amma DATETIME dina yana nan

Ƴar Marwa:
Riƙe abinka Modibbo, ba wanda ya ce ka yar, UTC_TIMESTAMP() kawai za ka riƙa zuba masa maimakon NOW(), ka ƙara awa ɗaya wurin nunawa, ka tsira daga 2038 ka tsira daga Faransa.

Ɗalibi:
Ni ma yanzu na gane wani abu, ranar nan na tura lamba daga yaren kod na PHP zuwa na JavaScript sai ya nuna min Janairu 1970 na yi ta zagin kwamfutar

Ƴar Marwa:
Ƙirga lambobin. PHP daƙiƙa yake bayarwa, lamba 10, JavaScript kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yake so, lamba 13. Misali 1,700,000,000 a daƙiƙa 14 ga Nuwamba 2023 ne, in ka ba JavaScript haka sai ya ɗauka kwana 19 da ɗoriya ne kawai bayan farawa, ya ajiye ka 20 ga Janairu 1970. Ninka da 1000.

Ɗan Garwa:
Jama'a na gode ƙwarai, amma ku dawo kaina, tsofaffin layukan fa? Na ga akwai CONVERT_TZ mai juya lokaci daga yanki zuwa yanki, in sa UPDATE ɗaya in juya duka daga Europe/Paris?

Kawu Injiniya:
Tsaya tsaya. Kafin komai ɗauki kwafin rumbun gaba ɗaya ka sauke shi a kwamfutarka, ka gwada a can. CONVERT_TZ da sunan gari ba ya aiki sai an loda teburan yankuna a MySQL, in ba a loda ba ba zai yi maka ihu ba, NULL, wato babu komai, zai miƙo maka shiru, in gurbin yana karɓar NULL ka share lokacin ciniki dubbai da hannunka. Fara da SELECT, mai nunawa kawai ba ya canza komai, ka gani da idonka. Kuma kai naka ma bai bukatar wannan, ka san daidai inda ɓarnar ta fara, duk layin da ya kai 03:00 na waccan Lahadin zuwa sama a rage masa awa ɗaya. Sabon gurbi za ka buɗe ka zuba gyararren a ciki, tsohon ka bar shi yadda yake don ranar da patron zai ce nuna min. Ka rubuta lambar layin ƙarshe kafin ka canza saitin sabar, in ba haka ba sababbin da suka shigo daidai su ma ka rage musu. Sannan in teburin yana da gurbi mai ON UPDATE CURRENT_TIMESTAMP, ka sa shi daidai da kansa a cikin UPDATE ɗin, in ka manta duk layukan za su ce yau aka taɓa su.

Ɗan Garwa:
Akwai shi kuwa, da na tafka. To sai bayan sun rufe, wannan satin ba su da gadi

Ɗan Garwa:
Na dawo. Na yi jiya bayan isha'i, layi 4 na fara gwadawa da littafin yarinyar a gefena, maganin tarin ya koma 23:20 na Talata, sannan na saki sauran. Na fitar da lissafin satin gadin nan kwana bakwai na kai wa patron da safe, shida sun haɗu har dala, ɗaya akwai ratar sefa 500 wadda ita da kanta ta rubuta a gefen shafi cewa canji ne wani ya ce zai dawo ya karɓa. Ya daɗe yana kallon takardar sannan ya ce a kira masa ita. Na Kuseri, pil ɗin nan a ina kake saye, na buɗe kwamfutar kes ɗin na ga ita ma agogonta ya yi baya da minti 6